Ranar da Zuma Ta Daina Jin Tsorona

Bari in rage wa mai neman wawan labarin nan wahala: ni ne, da farin gemuna da aji ukun lakkol, wato makarantar boko, da nake taƙama da su.

A Waca da ƙauyukan kewaye an san ni da zarton inji, wanda nake hawa gawo da shi in sauke busasshen reshe idan ma'aikatan daji sun yarda. An kuma san zuma ba ta harbina. Itacen da ta yi gida a kogonsa, kowa na tsoro, ni ake kira. In hau, in tayar da inji, hayaƙi ya turnuƙe har ba a hango ƙafata daga ƙasa, in gama in sauko lafiya. Mutane suka ce asiri ne na gado. Ban musa ba. Da aka daɗe ana faɗa ni ma na yarda, har na sa aka ɗinka mini laya na ɗaura a damtse, don asiri ba ya kyau ba shaida.

Man da nake zuba wa injin kuwa esansin kwalba ne, fetur na bakin hanya, in haɗa shi da baƙin man da aka juye daga mota, da ido, yadda mace ke sa gishiri. Shi ya ba ni tarin da ke riga ladan tashin maƙwabta. Likita a Magarya ya ce ƙirjina ya koma bangon madafa. Mai ɗakina ta yanke hukunci: ran da aka kawo ni gida a ɗauke, ko don tari ko don faɗuwa, zarto ya bar hannuna. Zarton nan shi ya hana ni zama tsohon bakin masallaci mai korar ƙuda, shi ya sa hukuncin ya fi tarin ciwo.

Mijin ƴata yana aiki da wani furoje, wato shiri na renon itatuwa. Ya kawo mini ɗan bido, wato jarka, na man da suke zuba wa injinansu, an riga an gauraya shi, garau kamar ruwan rijiya.

"Baba, wannan ba hayaƙi, ba wari, bujin inji ma ba ya baƙi."

Na shinshina na ce, "Man da ba ya wari ai bai balaga ba." Amma na karɓa, tarin kuwa ya fara lafawa.

Gab da damina yayata ta aiko. Reshen gawo ya mutu a kan rumbunta, zuma kuma ta cika kogon. Na tafi da taubashina, ɗan ƙanwar babana, wanda tun muna yara bai taɓa gaishe ni ba zagi ba. Shi zai riƙe igiya ya janye reshen daga rumbu.

"Bawana," in ji shi, "in ka faɗo, faɗo can gefe, rigata sabuwa ce."

Na hau, na ja igiyar inji, ya tashi da murya mai daɗi, iska tas. Har ina hango fuskar taubashi a ƙasa, abin da ban taɓa samu ba, ban kuma yi kewa ba. Haƙoran zarto suka shiga reshe rabi, itacen duka yana rawa.

Zuma ta farko a fatar ido ta same ni. Na ce wannan baƙuwa ce, ba ta san ni ba. Sai kogon ya amayo su baƙi ƙirin. Suka shiga kunne, suka shiga hanci, na buɗe baki in yi salati wata ta harbi harshena. Na mari fuskata da hannun da ya kamata ya riƙe inji. Zarto ya suɓuce sarƙarsa na juyawa, ya daki ƙaurin taubashi ya tsaga shi, jini ya yi tsartuwa har kan sabuwar rigar. Ya saki igiya. Reshe ya yi ƙara ya karye, ya rufta kan rumbu, ya fasa shi kamar ƙwarya. Ni kuma na biyo baya, ƙayar gawo tana karɓar rabonta reshe reshe, na sauka a kan kafaɗa na ji ta fita daga mazauninta.

Zuma ba ta ce ya isa ba. Jakin yayata yana ɗaure a turke, suka rufe shi, yana harbin iska yana kuka har igiya ta ci wuyansa. Kaji suka bi ta kan danga. Taubashi, da ƙafa tana zubar jini, ya jawo jiƙaƙƙen buhu daga bakin randa ya hau ni da duka.

"Tsaya in kashe maka su, bawana."

"Kafaɗar ce, kafaɗar."

"Nan suka fi yawa."

Har gobe ina da yaƙinin rabin dukan nan ba na zuma ba ne, na shekara sittin ne da ya tara.

Yayata ce ta cece mu. Ta fizgi tsohon zana, ta cinna masa wuta, ta watsa kashin jaki a kai, ta jawo shi har inda muke birgima. Hayaƙi ya lulluɓe mu, zuma ta yi sanyi ta koma sama. Ina shaƙar hayaƙin nan ina tari, sai na ji kamar na haɗu da tsohon aboki. Ta dubi rumbunta, ta dubi jakin da ya daina motsi, ta ɗauki muciya ta sauke mini a gadon baya.

"Auta, wannan na jakin ne. Na rumbun sai ka warke."

A amalanken shanu aka kai mu gidan likita, aka ɗinke taubashi, aka mayar mini da kafaɗa ina kiran uwata da ta daɗe a ƙasa. A amalanken dai aka kawo ni gida, a ɗauke, idanu a rufe, leɓe kamar na raƙumi. Ina jin mai ɗakina tana ce wa mijin ƴarmu ya tafi da zarton, kada ta sake ganin ko sarƙarsa.

Na tattara sauran mutuncina na ce, "Ki yi haƙuri da zarton. Wani maƙiyi ne ya karya mini asiri, za a sake ɗaura shi."

Ta ci gaba da tsince mini ƙarin zuma daga gemu, ta ce, "Malam, ni da ke wanke rigunanka na san asirin nan. Ni ma da aka ɗaura mana aure sai na toshe hanci nake kusantarka, balle zuma da ba ta ci sadakinka ba."