Gwiwar Dalhatu ɗan Bomo

Dalhatu ɗan Bomo lebura ne a wata gonar gwaji a Samaru, amma wa ya san shi da wannan? Da kokawa aka san shi. Shekara goma sha tara yana shiga fili bayan kaka, ba a taɓa kayar da shi ba.

Salonsa kuwa na mugunta ne, wallahi. Sauran 'yan kokawa in sun ɗaga mutum sama, sai su maka shi da ƙasa. Dalhatu ya ce wanda ke sama ya riga ya shirya wa faɗuwa, yana iya maƙale maka wuya ku zube tare. Shi sai ya sauke ka a hankali bisa ƙafafunka. Kana cewa alhamdu lillahi na tsira, kafin dugaduganka su zauna ya sa ƙafa ya kwashe ka.

Zuwa kakar 1976 jiki ya gaji. Gwiwar hagu sai an gasa ta da ruwan zafi kafin ya iya sujada. Matarsa Ruƙayyatu ta ce, "Malam, don Allah ka bar abin nan haka."

"Bari in cika ashirin ba faɗuwa, sai in ajiye," in ji shi.

Ranar kokawar, da la'asar, aka haɗa shi da Emenike, wani makanike daga Sabon Gari, ƙato, jini na tafasa. Sun jima suna turereniya, Dalhatu na haki. Da ƙyar ya samu ƙugu, ya ɗaga, ya sauke, ya kwashe. Emenike ya zube rigingine. Fili ya ɗauki sowa, makaɗi ya saki ganga.

To amma a kokawa, wanda gwiwarsa ta fara taɓa ƙasa shi ya faɗi. Wajen saukewar nan gwiwar Dalhatu ta hagu ta lanƙwashe, ta dangwali ƙasa. Cikin turmutsitsin ba wanda ya lura.

Dalhatu ya ɗaga wa makaɗi hannu, ya nuna ƙasar da ta manne a gwiwar. Ga wata irin gajiya har cikin ƙashi.

Emenike ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, "Haba Baba, ba wanda ya gani fa."

"Ni na ji ta," in ji Dalhatu. "Kai ka ci."

Ya juya zai fita daga fili, ƙafar ta ƙi taku. Emenike ne ya goya shi a keke har ƙofar gida.