Ɓarin Goron Wasa na Biyu

Ni fa ƙwallo ba ta taɓa burge ni ba. Tuwo nake sayarwa a Agege, a rumfar da ke jingine da gidan kallon ƙwallo, kusa da layin dogo. Amma in ana zancen kofunan da ƙungiyoyin Afirka ke bugawa, na da da na yanzu, yaran nan masu ihu a kan benci sai dai su zauna in karantar da su. Ba da son raina na koya ba. A gidanmu aka dafa min shi, na ci har ya ginshe ni.

Babana da yayansa, wanda muke kira Baffa, goro suke sayarwa a rumfa ɗaya, sana'ar da suka gada. Dukansu haihuwar Legas ne, Yarbanci a bakinsu kamar ruwa. Baffa mutum ne mai nauyin baki, amma babana ɗan hayaniya ne, shi ke buga wa magoya bayan ƙungiyarsu ganga. Yana da wani salo da ba na mantawa: sai kiɗa ya yi daɗi ya tsaya cak, kamar mai haɗiyar yawu, sannan ya saki. Haka ma yake ƙwanƙwasa ƙofa in ya dawo gida, har Inna, mahaifiyata, takan ce ko ɓarawo ba zai iya kwaikwayonsa ba.

A lokacin kofi uku ake yi a Afirka, kowa da gidansa. Babban na zakarun ƙasashe ne, sai ka ɗauki gasar ƙasarku kake leƙa shi. Akwai na waɗanda suka ci kofin ƙalubale a ƙasarsu. Na ukun kuma na waɗanda suka kusa ne amma ba su kai ba. Babu rukuni, babu tara maki. Ka je gidan mutum, ya zo gidanka, wanda aka fi ya naɗe tabarmarsa ya tafi gida.

'Yan goron unguwarmu kuwa suna da al'adarsu. In za a tafi wasan waje, mai tafiya yakan ɓare goro biyu, ya riƙe ɓari ɗaya, ya bar ɗaya wurin ɗan'uwansa. Ba a ci sai an tashi daga wasa na biyu, a haɗa su a ga sun zauna, sannan kowa ya tauna nasa. Wai alkawari ne cewa mai tafiya zai dawo.

Shekarar da ƙungiyarsu ta shiga kofin masu kofi, aka haɗa su da wata ƙungiya a wata ƙasa da ake Faransanci. Babana ya ɓare goro da Baffa, ya rataya ganga, ya hau motar magoya baya. Ina ƙarama, amma na tuna Baffa riƙe da rediyo a kunne yana juya shi gabas da yamma, murya tana zuwa tana ɓacewa. Aka tashi babu ci. Motar ta dawo da kowa, ban da babana. Wasu suka ce ya sauka salla a bakin hanya aka manta da shi, wasu suka ce tun a filin wasa suka daina jin gangarsa. Kafin a kai ga wasa na biyu rikici ya ɓarke a ƙasar, ƙungiyar can ta janye, ba a taɓa bugawa ba.

Baffa ya je nema har kuɗin rumfa ya ƙare, bai samo ko takalminsa ba. Ya dawo ya ƙunshe ɓarin goron a ganye, ya sa a aljihu. Shi ya riƙe mu, ci da sha da makaranta, shi ya aurar da ni, wannan ba zan ɓoye ba. Amma ya hana a yi wa babana sallar ga'ib. Malamai sun gaya wa Inna tana da hanya, alƙali zai iya yanke mata hukunci. Ta ce ba za ta tsallake Yaya ba, wato Baffa, mutumin da ya rufa mana asiri, kuma in babu shi a sahun gaba, wa zai tsaya? Haka ta zauna, ita ba matar aure ba, ita ba wadda miji ya mutu ya bari ba, har furfura ta cinye mata kai. Ba aure take nema ba. Ta ce min so take ta yi wa babana takaba ta yi masa sadaka kafin ita ma a ɗauke ta, kada su haɗu can ya tambaye ta.

Ranar da na fara yi wa Baffa magana da zafi, na ce masa mutumin nan ya mutu, kowa ya sani har kajin unguwa. Bai ɗaga murya ba. Da yake sunan mahaifiyarsu aka sa min, Uwata yake kirana.

"Uwata, a kofin nan wanda aka fitar gida yake dawowa. Shi ya dawo?"

Na ce a'a.

"To ba a fitar da shi ba. Saura wasa na biyu."

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, don ba da wasa ya faɗa ba, kuma idonsa ba na mahaukaci ba ne.

Daga baya aka rushe kofin gaba ɗaya. Aka gwamutsa shi da na ukun suka zama ɗaya, shi ne ƙaramin kofin yanzu, babban kuma aka buɗe ƙofarsa har na biyu a ƙasa yana shiga. Na ce alhamdu lillahi, an kashe maganar. Ashe ƙara ɗaure ta aka yi. Baffa ya ce tunda sun ɗauke filin da za a ƙarasa, ƙaninsa yana can tsaye bai san inda zai nufa ba. Da aka buɗe gidan kallo, kullum bayan la'asar sai ya zo ya zauna a bencin baya, ya bar wurin mutum ɗaya a damansa. Yaran sukan tsokane shi da Baba Kofin Da, amma ko gidan ya cika har ƙofa ban taɓa ganin wanda ya zauna a gurbin nan ba. Wani baƙon ɗan okada, mai haya da babur, ya taɓa gwadawa, bai jima ba ya miƙe ya ce wurin da ɗumi, mai shi bai yi nisa ba.

Suna ƙoƙarin fahimtar da shi tsarin yanzu, yana girgiza kai. Wai a ci ka yau, a ci ka gobe, kana nan kana lissafin maki. Har akwai shekarun da wanda aka koro daga babban kofi yake faɗowa ƙaramin ya ci gaba da wasa. Baffa ya ce wannan ba kofi ba ne, tashar danfo ce, motocin hayar nan, in ka rasa wannan ka hau waccan.

Da hannunsa ya fara rawa saboda tsufa, ni na karɓi aikin sauya wa goron ganye. Ɓari ɗaya ne, ya bushe ya yi baƙi ya ƙanƙance, in ya faɗi ƙasa ƙara yake kamar tsakuwa. Na sha ji kamar in wurga shi a kwata, Allah ya sani.

Bara Inna ta kwanta ciwo, ta tashi, amma ƙafafunta ba su koma daidai ba. Ana cikin haka yaran suka zo rumfata da labari: ƙungiyar su Baffa, bayan shekaru tana faɗi-tashi, ta shiga ƙaramin kofin, kuma a rukuninta akwai ƙungiyar nan ta garin da babana ya je. An riga an buga na can, saura su zo nan. Na ajiye muciya na tafi wurin Baffa. Ya ce ba kofin ba ne. Na ce ai kofin ne ya auri wani ya sauya suna, jininsa na ciki. Ya ce rukuni ne, babu wanda za a fitar. Ya ce kuma ya ji ba a Legas za a yi ba, can wani gari mai nisa aka kai wasan don filinmu bai cika sharaɗi ba, to wannan gida ne ko waje? Raina ya ɓaci. Na ce masa matar ƙaninka tana jan ƙafa zuwa kabari, kai kana nan kana tantance kofi. Ban taɓa yi masa magana mai zafin wannan ba. Sai ya ce in ɗauko goron mu je gidan kallo mu gani.

Da safen ranar ni na sauya ganyen, ni na ɗaure, na sa a lalitata don aljihunsa ya yage. Ina faɗin wannan ne saboda masu cewa ai Baffa ɗan goro ne, ya san dabara. Ƙunshin bai bar jikina ba.

Rana tsaka aka fara, zafi kamar a gasa gurasa, janareto na ta ruri. Ban taɓa shiga gidan kallon don kallo ba sai ranar. Na tsaya a bayan Baffa, ban zauna a gurbin ba. Filin da aka nuna fayau yake, kujeru jere babu mutane, kana jin 'yan wasa suna kiran juna. Baffa ya ce a da tun hantsi ake rufe ƙofa don cika.

Bayan an dawo hutun rabin lokaci na fara jin ganga. Guda ɗaya ce, can ƙasa-ƙasa cikin akwatin talabijin. Na ce a raina wani ne dai ya shigo da ita. Kyamara ta zagaya kujerun, ban ga kowa da ganga ba. Kiɗan ya yi ta hawa, ya yi daɗi, sai ya tsaya cak. Na riƙe numfashi. Sannan ya saki.

Salon babana ne sak. Na dafa kafaɗar Baffa. Yaron da ke gabanmu ya juyo ya ce wa abokinsa da Yarbanci, wa ke kiɗa a filin da ba kowa? To ba ni kaɗai na ji ba. Da alƙalin wasa ya busa tashi, gangar ta ɗauke tare da usur ɗin. Ko nawa-nawa aka tashi ban sani ba, har yau ban tambaya ba.

Yaran suka watse, muka rage mu biyu. Baffa ya miƙo hannu, na ciro ƙunshin, ɗaurina ne yadda na yi shi. Ya kasa kwancewa, ni na kwance. Ɓari biyu ne a ciki. Namu baƙin nan busasshe, da wani ja, ɗanye shar, da danshinsa kamar yanzu aka ɓare.

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na fara karanta duk abin da ya zo bakina. Baffa kuwa ko gezau. Ya ɗora busasshen a kan ɗanyen, ya yi masa kaɗan, amma gefen da aka ɓare ya bi gefe. Ya shafa bencin da ke damansa ya ce ya huce.

Muka tafi gida a hankali, muna tsayawa yana hutawa. Inna na zaune a tabarma a tsakar gida. Ya durƙusa a gabanta, abin da bai taɓa yi ba, ya ajiye mata jan ɓarin a tafin hannu.

"Ki yafe min. An tashi wasa, ya dawo gida. A kira liman."

Ta ce, "Yaya, shi ne?"

Ya jefa busasshen a baki, ba shi da haƙoran tauna shi, ya dai riƙe a kunci hawaye na bin gemunsa. Inna ta daɗe tana kallon nata, ta sunsuna, ta gatsa kaɗan. Ta ce in ɗebo mata ruwa a buta, in kuma cire mata 'yan kunnen nan, hannunta ba ya kaiwa. Tun ina yarinya ban taɓa ganin kunnenta babu su ba, don babana ne ya sayo mata. Na cire, ramin ya yi tsawo saboda daɗewa. Washegari aka yi wa babana sallar ga'ib a ƙofar gida, Baffa a sahun gaba, Inna kuma ta shiga takaba da farin kai.