Yatsana a Bakin Ƙofar Keken Asibiti

Akwai ranar da ba ta fita raina ba cikin hutun damina da na yi ina taya Baba aiki. Abin da na fara gani da na shiga garejinsa na bayan tashar Filinge shi ne allinsa yashe cikin yashi, an ma taka shi. Baba mai gyaran jikin mota ne, kuma da alli yake yi wa aiki alama. Ran nan kuwa da ƙusa ya ƙarce gefen ƙofar da yake gyara, yana bin zanen da yatsa.

Ƙofar ta keken asibiti ce mai ƙafa uku, wanda ke ɗauko masu naƙuda daga ƙauyukan Bonkuku. Ba ta ƙarfe ba ce, ta fibir ce, wato zaren gilashi da aka daskarar da gam. Rana ta gasa ta har ta karkace, ƙura na shiga kan mara lafiya. Ƙarfe da guduma ake lallashinsa, ita kuwa guduma fasa ta take yi. Sai an tsaga fatar ciki da zarto, a ɗaure ƙofar a kan miƙaƙƙen katako, a shimfiɗa sabon zare, a shafe da gam, a bari ta bushe. Zaren nan ƙaiƙayinsa ya fi na ƙaiƙayin gero.

Aikina shi ne gwajin ƙarshe. In shiga ciki a rufe ni, in duba, don duk inda haske ya shiga, ƙura ma za ta shiga.

Direban keken, Kawu Hamidu, abokin wasan Baba ne. Yana tsaye yana tsiya: “Sanda, in ƙofar nan ta sake buɗe baki, kai zan ɗaure a madadinta.”

“Kai dai rufe naka bakin tukuna,” in ji Baba, ya tura ƙofar. “Rakiya, mi kika gani?”

Na ga haske siriri a kusurwar ƙasa. Amma ga direbobi zaune wajen mai shayi, ni kuwa ko a lakwal, cikin aji, da ƙyar malam ke jin muryata. Maimakon in yi magana, sai na zura yatsana ta kafar, jan lallensa ya fito waje.

“Rakiya, ina?” Baba ya sake tambaya.

“Ga yatsana nan, Baba.”

Ta tagar keken nake kallonsa. Yana tsaye daf da ƙofar. Ya duba sama, ya duba ƙasa, idonsa ya wuce ta kan yatsana, ya sunkuya a ɗaya kusurwar yana cewa, “To, na gani.”

Dariyar Kawu Hamidu ta yanke. Ya dubi Baba, ya dubi masu shayi. Sai ya matso ya tare su da jikinsa, ya kama hannun Baba ya ɗora a kan yatsana, yana cewa da ƙarfi, “Kai, tsoho, taɓa nan ka ji aikin banzan da ka yi mini!” Masu shayi suka yi dariya, suka koma hirarsu.

Ashe Baba bai ga yatsana ba. Nan na gane zancen allin, na gane dalilin da ya sa bana ya ce in riƙa zuwa. Da na buɗe baki na ce “ƙasa, hagu”, da ba wanda ya sani. Kunyata ce ta kusa tona shi a gaban tashar da ke ba shi aiki. Na daɗe ciki ban fito ba, ina sosa hannu kamar ƙaiƙayi ne ya riƙe ni.

Baba ya sassauta maƙalin ƙofar, ya sa ɗan ƙarfe a bayansa, ya ɗaure, duk da lalube. Haske ya ɗauke. Ran nan na san cewa a sana'ar nan hannu na iya tsare aiki bayan ido ya gaji, amma asirin mai sana'a yana hannun waɗanda suke tsaye kusa da shi.

Da Kawu Hamidu ya tura keken zuwa bakin hanya, na bi shi. Ban taɓa fara yi wa babba magana ba sai ranar. Na durƙusa, kaina a ƙasa.

“Kawu, don Allah kada tasha ta ji. Kuma ranar da likitan ido zai zo asibitinku, ka zo ka ɗauki Baba. Ka ce masa ƙofar ce ta sake buɗewa.”