Buhunan Bakin Kwalbati

A shekarar da aka sake zuba kwalta a hanyarmu, wadda ta ratsa gonakin rani tsakanin Kura da Bunkure, ina koyarwa a firamare. Yayana kuwa manomi ne, kullum da hantsi yana kan babur da kwanduna biyu na tumatir zuwa kasuwa. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, don haka duk abin da ya taɓa shi ni ya taɓa.

Akwai wata kwana a hanyar, kanal na ban ruwa a hagu, fadama a dama, ƙarƙashinta kuma tsohon kwalbati mai faɗi. Tun ina ƙarami ta cikinsa guza da damo da kunkuru ke wucewa daga ruwa zuwa fadama. In ka leƙa da safe za ka ga sawunsu a taɓo. Babu wanda ya koya musu, hanyarsu ce kawai.

Da injiniyan aikin ya zauna da mutanen gari, na miƙe na roƙi abu biyu: a ƙara kwalbati busasshe kusa da tsohon, a kuma sa tudun rage gudu kafin kwanar. Na ce sabuwar kwalta za ta sa direbobi gudu, dabbar da ta hau titi kuwa ba ita kaɗai za ta mutu ba. Wurin ya ɓarke da dariya. Wani dattijo ya ce, “Malam, mu ba mu samu gada ba, sai guza?” Injiniyan ya yi murmushi ya ce ba ya cikin zane, amma zai bar tsohon kwalbatin a buɗe. Na zauna raina a ɓace.

Ashe wanda aka bar mana ma ba za mu bar shi ba. Da rani ya tsananta, ruwan kanal ya ja baya, sai aka wayi gari an cusa buhunan yashi a bakin kwalbatin, don kada ruwa ya zurare fadama, ya taru ya shiga gonakin shinkafa. Dabbobin suka zo suka tarar da ƙofa a rufe, suka hau kwalta. Kusan kullum sai na ga damo a baje a hanyata ta zuwa makaranta. Na yi magana a ƙofar masallaci, na yi a majalisar mai shayi, har aka laƙaba mini suna lauyan guza. Na tambayi wanda ya toshe, kowa ya ce bai sani ba.

Na ce wa yayana, “Yaya, don Allah ka riƙa sassautawa a kwanar nan. Ana ga yaƙi kuna ga ƙura.”

Ya ce, “Kai dai boko ya ɓata ka. Shekara nawa ina bin hanyar nan?”

Wata Laraba ina cikin aji aka zo kirana. Wani ƙaton guza ya fito daga kanal ya miƙe a titi, yayana ya zo a guje, ya taka wutsiyarsa, babur ya zame da shi. Na tarar da tumatir ya malale kwalta, shi kuma an kwantar da shi a gindin bishiya, ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. An yi ɗori, amma har yau da sanda yake tafiya, bai sake hawa babur ba.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne, washegari samari suka fita da sanduna farautar guzaye, wai su ne masu laifi. Ni kuwa na ɗauki fartanya na nufi kwalbatin, na shiga ruwa har gwiwa, ina jan buhunan ina zagin duk wanda ya sa su. Da na juya na farko sai na ga da'irar jan fenti a jikinsa. Na biyu ma haka. Ni na zana wannan alama da hannuna, a buhunan takin yayana, don kada su ɓace masa a gona.

Na zazzage yashin, na naɗe buhunan, na kai su ɗakinsa na ajiye kusa da tabarmar da yake kwance. Ya daɗe yana kallonsu, ya kalli ƙafarsa da ke ɗaure da karare, ni kuma ina jiran kalma ɗaya tak.

Ya ce, “Ka buɗe? To ruwan fa? Shinkafata za ta bushe.”

Kafin Juma'a ta zagayo an sake toshe kwalbatin. Wannan karon ban je na duba alamar buhunan ba.