Baba Hana-Ƙarfe

Har yau idan aka ambaci Baba Hana-Ƙarfe sai raina ya ɓaci, kuma ba na ɓoyewa. Shekara ashirin da shida ya yi yana kula da ɗakin awon maganaɗisu da ke bayan jami'armu, wani ɗan ɗakin katako da babu ko ƙusar ƙarfe a jikinsa. Da can gyaran rediyo yake yi. Tun da aka damƙa masa makullin tagulla na ɗakin nan, ya ɗauki kansa kamar shi ya haifi na'urar da ke ciki.

Gaskiya ne ƙarfe yana ruɗa na'urar. Amma Baba ya mai da dokar abin cin mutunci. Ya taɓa sa shugaban sashenmu ya kwance bel, ya shiga riƙe da wando. Ni kuwa kullum sai ya tare min ƙofa.

"Ke 'yar nan, cire 'yan kunne."

"Baba, na roba ne fa."

"Cire dai. Ban yarda da ku ba."

A lokacin ina digiri na uku, ina nazarin ƙwayoyin zarra masu caji da rana ke watsowa. Ba sa tahowa kai tsaye. Maganaɗisun sararin samaniya a hargitse yake, sai ya yi ta wurgi da su nan da can, kamar mai kutsawa cikin cunkoson kasuwa, su iso mana a warwatse. Aikina shi ne in gwada yawan waɗanda suka iso da motsin da na'urar Baba ta nuna.

Sai na lura kullum da bakwai na safe awon yana yin tsalle. Har Asabar da Lahadi, domin Baba bai san hutu ba, kullum a lokacin yake shiga duba na'ura. Na tambaye shi ko wani abu na shiga ɗakin, ya yi min tatas, wai na raina shi. Sai na jingina abin da fitowar rana, na gina babi uku a kai. Shekara biyu cur!

Wata safiya na yi sammako, na tarar da shi zaune a bakin ƙofa, ya naɗe wando yana ɗaure wani abin tallafin gwiwa. Sanduna biyu na ƙarfe ne, daga cinya har ƙwauri.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun da babur ya buge ni," ya ce, bai ko ɗago kai ba.

"Na tambaye ka, ka zage ni!"

"In na faɗa, raba ni za a yi da ɗakin. Ke yarinya ce, ki sake rubutawa."

Ko haƙuri bai ba ni ba. A ranar na kai ƙararsa, aka sallame shi, ni ma aka soke min babi ukun nan. Abokan karatuna suka gama suka bar ni. Wasu sun ce na yi wa tsoho rashin imani, na ce su ba ni shekarata biyu tukuna.

Ni aka ce ya miƙa wa makulli. Na zo, na same shi tsaye daga nesa da ɗakin, bai yarda ya matso da ƙafarsa ba. Ya ba ni, na nufi ƙofa, sai na ji muryarsa a bayana.

"Ke 'yar nan, 'yan kunne."

Na tsaya, ina jin haushinsa har wuya, na cire su.