Ƙulin Laka na 'Yar Fari

Mu a gidanmu na Toranke, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta ɗora shi a cinya in surukai na kusa. Haka na tarar, haka uwata ta yi da babban yayanmu, ban kuma taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Tawa 'yar farin abin ya zo mata biyu, don sunan surukata aka sa mata. To da wane baki zan faɗa? "Ke" nake ce mata, ita kuma ta ce min Yaya. Kakarta ce Inna.

Tana shekara huɗu aka buɗe ajin ƙanana a firamaren garinmu, babanta ya kai ta. Malamar ajin wata siririyar budurwa ce da ke zuwa kullum daga Ajingi. Babu benci a ajin, tabarmi ne. Da 'ya'yan tsamiya suke koyon ƙirga, da yatsa suke rubutu a kan yashi, su yi ta waƙa da tafi har mu jiyo su daga gida. Ran Laraba kuma a kwaɓa musu laka, kowa ya gina abin da ransa ke so. Ni kuwa Laraba ranar wanki ce. Na sha yin mita: wai karatu, yarinya ta dawo kamar an tsamo ta daga kududdufi!

Kullum sai ta shigo da wani abu a tafin hannu, yau 'yar tukunya, gobe gadon kara. Ta zo ta tsaya a kaina ina murza ƙuli, don sana'ata ke nan, ta ce, "Yaya, kin gani?" In ce, "Je ki nuna wa Inna." Ina gani mana! Ta gefen ido nake kallo, har in ji kaina ya yi girma. Amma surukata na zaune a ƙofar ɗakinta, me zan ce?

Sai ta daina kawowa. Na ɗauka an bar wasan laka ne, har ran da Malama ta yi sallama gidanmu bayan an tashi. Ta gaishe da Inna, ta same ni a madafa. Ta ce yarinyar ta fi kowa iya gini a ajin, amma da ta gama sai ta sa tafin hannu ta murƙushe. Da aka tambaye ta dalili, ta ce Yaya ba ta so. Kwanan nan ma ko lakar ba ta taɓawa, sai ta koma jikin bango ta zauna.

Raina ya ɓaci, wallahi. Na ce, "Malama, ke kin haihu?" Ta ce a'a. Na ce, "To ki bari sai kin haihu, sannan ki zo ki koya min son ɗa." Ko a jikinta. Ta ce ita ma 'yar fari ce, ta san kunya, amma sai da ta girma ta gane mece ce; wannan kuwa duka-duka nawa take? Ta ce ƙarshen zango iyaye mata za su zo ganin aikin yara, kuma ta lallashi yarinyar ta sake gini da cewa zan zo. Ta tafi ta bar ni ƙuli na ƙonewa a kasko.

Ranar muka je ni da Inna. An jera kayan a gindin bango: motocin kara, shanun laka, zane-zanen gawayi a kan kwali. Mata sun cika ajin, ga goyo ga hayaniya. Malama za ta ɗaga abu ta tambaya na ɗan wa ne, uwar ta amsa, a tafa. In ɗan fari ne, kaka ko gwaggo ce ke amsawa, uwar ta sunkuyar da kai a yi ta zolayarta. Kowa ya san tsarin.

Can sai ta jawo wani faifai ta ajiye a tsakiya. A kai ga ɗan turmi da taɓarya, ga kasko a kan murhu, ga ƙuli-ƙulin laka zagaye-zagaye, ƙanana kamar zoben yatsa. Har da 'yar lotsawar nan ta babban yatsa da nake yi wurin haɗa bakin, wadda da ita ake gane ƙulina a kasuwar Ajingi. Ashe duk tsayuwar da take yi a kaina, hannuna take kallo. Mata suka hau "Ikon Allah!" Wata ta rantse saura kaɗan ta kai baki.

Malama ta ce, "Wannan aikin 'yar wa ce?"

Inna ta gyara mayafi za ta amsa. Yarinyar kuwa ba Inna take kallo ba. Tana tsugune gaban faifan, tafin hannunta a buɗe a samansa, ni take kallo. Na san abin da hannun nan zai yi.

Sai na ji bakina ya ce, "'Yata ce." Da ƙarfi kuma, irin muryar da nake amsa wa mai sayen ƙuli daga zaure. Na ƙara da, "Ni na haife ta."

Sai shewa ta tashi a ajin. Wata ta ce, "Au! Yau kunya ta ƙare a Toranke!" Na kasa duban inda Inna take. Sai na ji ta ce, "To da wa ya haife ta, ni? Ɗauki kayanki mu tafi, mara kunya." Da dariya a muryarta, ko da yake ta jima tana yi min tsiya da maganar a gaban baƙi.

Su yi ta yi. Ni dai ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba. Na ɗora faifan a ka, na ƙi bin lungu, ta bakin titi muka biyo. Yarinyar kuwa ta riƙe gefen zanina, duk wanda muka gamu da shi, mai shayi ne, mai faci ne, tsofaffin ƙofar masallaci ne, sai ta tsayar da shi ta ce, "Yaya ta ce ita ta haife ni."