Ƙasar Gonarmu a Cikin Kwalba

Ranar da muka koma makaranta bayan hutun Ista, a shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, na shiga Kontagora a babbar mota, a saman buhunan dawa, da ƙullin ƙasa a cinyata, Baba yana gefena. Ina aji ɗaya a sakandare. Malam Gana, Banufen da ke koya mana labarin ƙasa, shi ya ce kowa ya ɗebo ƙasar gonar gidansu. A garinmu Tungan Magajiya kuwa ba a ba baƙo ƙasar gona, don ana cewa da ita ake yi wa amfani asiri. Da ƙanwata ta kai ƙarata, Baba ya ce zai bi ni ya gani da idonsa. In bai gamsu ba, in naɗe tabarmata, boko ya ƙare.

Malam bai yi musu ba. Da la'asar ya sa aka kai wa Baba kujera gindin mangwaro, mu kuma muka jera kwalabe. Kowa ya zuba ƙasarsa, ya cika da ruwan rijiya, ya girgiza, muka tsuguna muna jira. A hankali tsakuwa ta kwanta, yashi ya hau kanta, laka ta biyo, ɓurɓushin ganye na yawo a sama. Tamu yashi ya fi yawa, ta wani ɗan garin Bobi baƙa ƙirin tana warin shanu, ta Sahon Rami ja wur. "Ƙasa ba ɗaya ba ce," in ji Malam, "sai ka tambaye ta."

Baba ya sauko daga kujera ya shiga cikinmu. Yana ɗaga kwalaben yana duba su a hasken rana, yana tambaya da Hausarsa mai nauyin Dukanci, yarenmu: me ake shukawa a can, ruwa na kwana a kanta? Har aka kaɗa ƙararrawar abinci bai tashi ba. Can ya ce, "To Malam, ƙarƙashin wannan fa, me ke akwai?" Washegari aji duka muka bi su zuwa gaɓar rafi inda ruwa ya zaftare, muka ga ƙasa hawa-hawa, kowane hawa da launinsa. Baba ya koma gida ba tare da ni ba, amma kwalbarmu tana aljihunsa. Wannan kam bai yarda ya bari ba.

Yau gidaje sun cinye gaɓar nan. Jikokina kan nuna mini kogunan duniya a waya, har waɗanda ban taɓa jin sunansu ba. Kwanan baya na tambaye su launin ƙasar bayan gidanmu, suka dubi juna. Ban yi musu faɗa ba. Ni ma na daɗe ban sa hannu cikinta ba.